Yamma da Ina? Ziyara a Sarkin Yamma

Wanda ya ji wannan hira a rediyo, ga ta a rubuce, ya bi ta da yatsa sannu a hankali. Yau tafiya za mu yi, ni da kai, zuwa wani ƙaramin gari na jahar Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa. Sunansa Sarkin Yamma.

Wani dattijo ne ya jawo wannan tafiya. Wata rana a ajinmu na yaƙi da jahilci ina koyar da haɗa baƙaƙe, sai na rubuta sunayen garuruwa a allo: Safo, Gabi, Tibiri, Sarkin Yamma. Dattijon ya haɗa, ya karanta, ya yi shiru. Can sai ya ce, "Malam, yamma da ina?" Ƴan aji suka fashe da dariya. Ni kam ban yi dariya ba, kunya ce ta kama ni. Na zauna a makarantar horon malamai, na haddace sunayen manyan biranen duniya, amma ga gari a bakin ƙofata ban taɓa tambayar dalilin sunansa ba. Na ce masa, "Baba, ka ba ni mako biyu." To, abin da na samo ne na kawo maka yau.

Daga Maraɗi za mu tashi. Tafiyar ba ta da nisa. Ka hau kabu-kabu, ko ka jira motar ƙauye a tasha. Litinin da Juma'a, ranakun babbar kasuwar Maraɗi, an fi samun abin hawa.

Tun kafin mu bar gari, ga wani abu da zai amfane ka. Yanzu da ka iya karatu, idonka zai riƙa kai wa ga allunan bakin hanya. Kada ka tsorata in ka ga rubutun ya saɓa da wanda muka koya. Yawancin allunan da ƙa'idar Faransanci aka rubuta su. Inda ka ga "ou", ka karanta "u" ko "w". Inda ka ga "dj", ka karanta "j". Madarounfa ita ce Madarunfa. Djiratawa ita ce Jiratawa. Goulbi shi ne gulbi. Garin da za mu ma, wani lokaci za ka ga an rubuta Serkin Yama. Duk shi ne. Ba kai ne ka manta karatu ba. Wanda ya fara rubuta sunan ne ya rubuta shi yadda kunnensa na baƙo ya ji.

Da mun fita ta yammacin birni, hanya za ta gangara. Ka lura da wannan gangare da kyau, domin akwai tarihi a cikinsa. Maraɗin da ka sani a yau a kan tudu take. Maraɗin kakanni kuwa a ƙasa take, cikin kwari, kusa da ruwa. A shekarar 1945 gulbi ya kawo ruwan da ya fi ƙarfin gari, ya rushe gidaje. Sai aka kwashe mutane aka hau tudu, aka shata sababbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Shi ya sa in ka shiga tsakiyar Maraɗi kake ganin hanyoyi a jere kamar an ja su da igiya. Garin da ya tsufa a wurinsa ba ya yin haka, lungu-lungu yake yi.

Wannan gulbi, Gulbin Maraɗi, baƙo ne da ke shigowa ya fita. Daga ƙasar Katsina ta Najeriya yake tasowa. Ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar, ya wuce kusa da Madarunfa, ya bi ta gefen Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya karkata ya koma Najeriya, ya haɗu da gulbin Rima mai tafiya Sakkwato. Da rani yashi ne kawai, yara na wasa a cikinsa. Da damina sai ka yi hattara. Ni na taɓa yin ganganci a watan Agusta, na ƙi jin maganar mai babur, na ce mu bi ta gajeriyar hanya. A cikin laka muka yini, takalmina ɗaya yana can har yau. Tun da aka gina madatsar ruwa a Jibiya wajen 1990, ruwan da ke isowa nan ya ragu, manoman fadama kuma sun ji a jikinsu. Duk da haka kwarin nan shi ne cibiyar wannan ƙasa. Kusan duk tsohon gari da za mu ambata a yau, a bakinsa yake.

Bayan ka haye kwari ka hau jigawa, gonaki ne hagu da dama: hatsi, dawa, wake, gujiya wato gyaɗa, da riɗi. Za ka ga jajayen awaki a ɗaure ko suna kiwo. Ita ce jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Haka za ka yi ta tafiya har rumbuna su fara bayyana. Ka iso.

Kada ka zaci za ka ga benaye ko tsohuwar ganuwa mai tsawo. Gari ne na manoma: masallaci, lakwal, gidan likita, ofishin komin, rumbuna, da inuwar da dattawa ke zama. Wanda ya zo neman abin kallo zai ce babu kome. Wanda ya zo da tambaya kuwa zai koma da guzuri. Da ka sauka, ka fara zuwa gaisuwa wurin masu gari. Ka cire takalmi, ka faɗi sunanka da inda ka fito da abin da ya kawo ka. Ɗan goro ba ya ɓata zance. In mace ce ke, ki nemi a shigar da ke wurin tsofaffin mata, don sau da yawa sun fi maza riƙe sunayen kakanni da na shekarun yunwa.

Abu na farko da za ka gano shi ne garin biyu ne. Akwai Sarkin Yamma Sabuwa, akwai Sarkin Yamma Sofuwa, wato tsohuwa. A allo za ka ga Saboua da Sofoua. Duk inda ka ga sabon gari da tsohon gari da suna ɗaya, ka san mutane sun taɓa tashi daga wani wuri zuwa wani.

Abu na biyu shi ne sunan kansa. Sarkin Yamma sunan sarauta ne, daga baya gari ya ɗauka. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A gundumar Mayahi akwai komin da ake kira Sarkin Hausa. Maraɗi ita kanta sunan sarauta ce ta ƙasar Katsina tun kafin ta zama sunan babban birni. A Katsina ta Najeriya ma, hakimin Faskari Sarkin Yamma ake ce masa. Irin wannan suna daga fada ake ba da shi. Mai zaune a fada ne yake duban inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa, ya ce wane ya riƙe mini nan, wane ya riƙe mini can. To, ka tsaya a Maraɗi da la'asar ka dubi inda rana ta nufa. Wajen nan ta nufa. Amsar Baba ke nan: yamma da Maraɗi.

Sai dai wannan amsa tana jawo wata tambaya. Sarkin da ke fadar Maraɗi, Sarkin Katsina ake kiransa. Katsina kuwa tana can kudu, kimanin kilomita 90, bayan iyaka. Me ya kawo Sarkin Katsina nan? Ka gyara zama, nan ne labarin yake.

A 1804 Shehu Usman ɗan Fodiyo ya fara jihadi a ƙasar Gobir. A Maratta aka haife shi, cikin ƙasar da ta zama Nijar a yau. Cikin ƴan shekaru manyan biranen Hausa suka faɗa hannun mabiyansa. A 1807 aka ci birnin Katsina, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya fita ya yi arewa. Sarki Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama. Waɗanda suka rage suka naɗa Ɗan Kasawa, suka tafi ƙasar Damagaram suka fake, suka yi shekaru suna jiran ranar komawa gida.

A wancan lokaci kwarin Maraɗi yana ƙarƙashin sababbin masu mulkin Katsina. Sun ajiye wakilinsu mai suna Mani. Mutanen kwari, manoma da mafarauta, ba su ji daɗin mulkinsa ba. Labarin da aka gada ya ce sun tashi sun kashe shi a Sumarana, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Wajen 1819 ya shigo Maraɗi ya kafa fada. Bai ce shi Sarkin Maraɗi ne ba. Ya ce shi Sarkin Katsina ne, don a ganinsa zaman wucin gadi ya zo yi. Ya zo da sarautun gidansu duka: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka, Durbi, da Iya mai shugabantar mata. Zaman wucin gadin nan yau ya haura shekara 200.

Sun yi ƙoƙarin komawa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A 1836 Sarkin Katsina Rauda ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali da wasu Abzinawa, suka kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Bello ya yi nasara, Rauda da Ali duk suka mutu a wurin. Ɗan Mari ya gaji Rauda. Shi ne ya taimaki Gobirawan da suka tsira, ƙarƙashin Mayaƙi, suka kafa Tibiri dab da Maraɗi. Bayan haka aka yi Ɗan Baskore, wanda ya shekara sama da 20 yana sarauta yana kai hari kudu. Can kusa da zuwan Turawa kuma aka yi Ƙaura Hasau, wanda ƙarfinsa ya fi na sarakunan zamaninsa.

Maroƙa suna son waɗannan sunaye, mu ma muna jin daɗin jin su. Amma ina so ka tuna da talaka. A waɗannan shekaru, tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara daji ne mai faɗi, ba mai kwana cikinsa da rai kwance. Dakarun nan su kai hari can, na can su kawo hari nan. Kowane ɓangare yana kama mutane yana sayarwa. Ba ɓangaren da hannunsa ke da tsabta a wannan. Saboda haka mutane suka taru a bakin gulbi, cikin garuruwa masu shinge da ganuwa, suna noma kusa da gida. Riƙon gefen ƙasa a irin wannan zamani ba sarautar shan inuwa ba ce. Wanda ke gefe shi ke fara jin ƙarar kofato.

Turawa ne suka raba gardamar, ta hanyar da ba wanda ya roƙe su. A 1899 rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan, waɗanda ake rubutawa Voulet da Chanoine, ta ratsa wannan yanki tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Daga baya Faransa da Ingila suka zauna a ƙasashensu suka ja layi a takarda. Tsakanin 1906 da 1908 ma'aikatansu suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa. Hanyar komawa ta toshe ke nan. A cikin tawagar Faransa akwai wani tafinta mai suna Landeroin. Ya zauna da dattawa ya rubuta abin da suka faɗa masa na sarakunan Maraɗi. Da yawa daga abin da muke karantawa a yau daga wannan rubutu ya fito. Ka duba fa: kakanninmu ne suka ba da labari, amma baƙo ne ya riƙe alƙalami, da harshensa kuma ya rubuta.

Da hare-hare suka ƙare, mutane suka fita daga kwari suka bazu cikin jigawa suna sassabe, suna kafa ƙauyuka. Turawa suka yanka ƙasar Katsinar Maraɗi kanto-kanto, Sarkin Yamma ta zama ɗaya daga ciki. Bayan mulkin kai na 1960 tsarin ya ci gaba. A 2002 doka ta mai da ita komin, aka yi zaɓen farko a 2004. Gundumar Madarunfa tana da komin 6: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma.

Kafin ka bar gari, ka roƙi wani manomi ya zagaya da kai gona. Ka dubi itatuwan da ke tsaye cikin hatsi: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa. Su ma suna da tarihi. A zamanin cinikin gujiya an share gonaki ƙal, ana ganin manomin kirki shi ne wanda ba a ganin kututture a gonarsa. Sai fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984, shekarar da mutanen nan ke kira El-Buhari. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mata na yin nisa neman itacen girki. A wannan lokaci ne wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a ƙauyukan jahar Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. In an bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, aka datse sauran, sai itace ya tashi ba tare da an dasa ba. Da farko an yi wa masu yin haka dariya. Daga baya maƙwabci ya ga amfanin gonar maƙwabci. Shi ne sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200. Ranar 3 ga Agusta muna dasa itace, abu ne mai kyau. Amma yawancin inuwar da za ka sha a gonakin nan, manomi ne ya tashe ta da wuƙarsa.

In kana da kwana biyu ko uku, ga wuraren da ke kewaye.

Tibiri tana arewa, kusa da babbar hanya. Can ne fadar Sarkin Gobir, can kuma ake da sarautar Inna, takwarar Iya ta Maraɗi. Ruwan 1945 bai bar Tibiri ba, ita ma ta tashi ta sake wuri. Sumarana, inda aka ce Mani ya gamu da ajalinsa, tana cikin kwari kudu da Maraɗi, yau garin lambu ce. Gaba kaɗan ga Jiratawa, inda gwamnati ta shirya filin noman rani a farkon shekarun 1980. Zogalen wannan kwari har Yamai ake kai shi.

Amma in wuri ɗaya kawai za ka iya zuwa, ka je Madarunfa, kimanin kilomita 25 kudu da Maraɗi. Can akwai tafki babba, wanda ba ka zaton samun irinsa a ƙasar rairayi. Da damina yana cika ya bazu, da rani ya ja baya, manoma su bi sawunsa da shuka. Ka je da sassafe, lokacin da masunta ke fitowa da tarwaɗa, tsuntsayen ruwa na tashi garke-garke. A gefensa akwai gandun daji na gwamnati, da manyan itatuwa irin waɗanda suka ƙare a wasu wurare. A kewayen tafkin kuma akwai kaburburan da mutanen wurin ke cewa na waliyyai 99 ne. Mutane na zuwa ziyara daga nesa, har daga Najeriya. Malamai sun saɓa a kan irin wannan ziyara, ni kuma malamin baƙaƙe ne, ba zan shiga nan ba. Abin da zan ce kawai, in ka je ka shiga da ladabi, ka nemi mai kula da wurin ya yi maka jagora. A 2006 ƙasarmu ta sa tafkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

Can kudu maso yamma, wajen Gabi, akwai dajin Babban Rafi, inda a da giwaye kan ƙetaro daga Najeriya. Zan so in ce maka ka je, amma ba zan ce ba. A ƴan shekarun nan ɓarayin daji sun addabi ƙauyukan bakin iyaka, suna kore dabbobi suna sace mutane don kuɗin fansa. A 2019 dubban mutane suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fake a jahar Maraɗi. Dajin da ya raba Maraɗi da maƙwabtanta a zamanin Ɗan Baskore, shi ne dai ya sake zama abin tsoro. Kada ka nufi wajen sai ka tambayi hukuma da mutanen gari, kada kuma dare ya same ka a hanya.

Ka tafi da littafi da fensir. Duk allon da ka gani, ka kwafe shi, sannan ka sake rubuta sunan da ƙa'idar Hausa a ƙarƙashinsa. Duk dattijon da ya ba ka labari, ka rubuta da bakinsa, ka sa ranar da kuka yi hira. In biyu sun saɓa, ka rubuta duka biyun, kada ka zaɓa musu. Wanda ba zai iya zuwa Sarkin Yamma ba, ya yi haka a garinsu: wa ya kafa shi, daga ina ya zo, me sunan yake nufi. Layi biyar ma sun isa. Ka ba malamin ajinku, shi zai aiko mana.

Da mako biyu suka cika na koma aji na faɗa wa Baba duk wannan. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini sunan wani itace da na faɗa ba daidai ba. Sannan ya tashi ya karɓi alli, ya je allo, ya rubuta a ƙarƙashin sunan garin: yamma da Maraɗi. Ya manta ƙugiyar ɗ, wata mata daga baya ta tuna masa, ya koma ya sa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, gabas za mu yi, zuwa Tasawa. Ku huta lafiya.